Karatun Kundin Halitta da Kwamfuta: Hanyoyin Aiki ga 'Ya'yanmu Masu Manyan Digiri

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar cigaban garinmu



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu bana cikin ƙoshin lafiya, muna miƙa godiya ga kwamitin ilimi na wannan ƙungiya da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan makomar 'ya'yanmu da suka yi zurfi a karatun kimiyya. Batun da aka ba mu shi ne hanyoyin samun aiki ga masu digiri na biyu da na uku a fannoni biyu, wato bayo'infomatiks da kuma nazarin halitta a dunƙule. Sunayen baƙi ne a kunnenmu, amma abin da ke ƙarƙashinsu ɗan gida ne: sikilar da ke hana 'ya'yanmu barci, da zazzaɓin cizon sauro, da shan-inna, da gero da waken da ke rumbunanmu.

Gabatarwa

Dattawan da ke wannan wuri sun san zamanin da yaro ɗaya da ya gama kwalejin horon malamai kan isa gari duka ya yi alfahari, kuma aiki na jiransa tun kafin sakamako ya fito. Wancan zamani ya wuce. A yau kusan kowace zuriya tana da ɗa ko 'ya da suka karanta bayokemistiri, ko ilimin ƙananan halittu, ko ilimin tsirrai, ko kimiyyar kwamfuta, wasu har sun ƙara da digiri na biyu, amma suna zaune suna jiran ranar da jami'a ko ma'aikata za ta buɗe ɗaukar aiki. An sayar da gona ko bijimi an biya musu karatu. Ƙannensu kuwa sun zuba ido suna kallo, kuma idan suka ga yayansu ya shekara bakwai a jami'a ya dawo yana neman kuɗin kati a hannun tsohuwarsa, babu wa'azin da zai sa su yarda cewa karatu na da rana. Hasarar tamu ke nan ta zama biyu: mun rasa amfanin wanda ya yi karatun, mun kuma kashe gwiwar wanda ke bayansa. Wannan shi ya sa batun ya cancanci a saurare shi da kunnen basira.

Mene ne bayo'infomatiks?

Kowace halitta mai rai, mutum ko sauro ko ƙwayar gero, tana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda take gadowa daga iyayenta. Rubutun yana kan wani siririn zare da masana ke kira DNA, mu kuma za mu kira shi zaren gado. A shekarar 1953 ne James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, bisa dogaro da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Haruffa huɗu kacal ake rubuta shi da su, A da C da G da T, amma kundin gadon ɗan Adam ya ƙunshi haruffa kimanin biliyan 3. Da mutum zai zauna yana karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya shekara kusan 95 kafin ya kai ƙarshe. A cikin wannan kundi akwai sassa kimanin 20,000 da ake kira ƙwayoyin gado, waɗanda ke ba da umarnin ƙera furotin, wato sinadaran da ke gina jiki suna tafiyar da ayyukansa.

Ƙasashen duniya sun haɗa kai a 1990 don karanta wannan kundi, ba su kammala ba sai 2003, bayan an kashe kuɗi kusan dala biliyan 3. A yau injunan zamani na karanta kundin mutum ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu a kan ƙasa da dala 1,000, har ma akwai wata na'ura mai suna MinION da ba ta fi wayar hannu girma ba, ana jona ta da kwamfuta a yi aiki da ita a ƙauye. To, da karatun ya yi araha, sai rubutu ya taru ya yi tsibi, ya fi ƙarfin idon ɗan Adam. Nan ne aikin ɗan bayo'infomatiks ya shigo. Shi ne wanda ya haɗa ilimin halittu da lissafi da sarrafa kwamfuta, yana jera waɗannan haruffa, yana gwada na wannan da na wancan, yana gano inda aka sami sauyi da abin da sauyin ke haifarwa. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Holan, Paulien Hogeweg da Ben Hesper, su suka raɗa wa fannin suna a 1970.

Duk malamin da ya koyar da Hausa ya san ƙugiya ɗaya ke raba "kafa" da "ƙafa". Haka abin yake a kundin gado. Cutar sikila, wadda muke kira amosanin jini, sauyin harafi ɗaya ce tak a cikin ƙwayar gadon da ke ƙera himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jini: inda ya kamata a ga A sai aka ga T. Wannan harafi ɗaya shi ke lanƙwasa ƙwayar jini ta zama kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kuka. Gano harafi ɗaya a cikin biliyan 3 aiki ne na kwamfuta da wanda ya iya sarrafa ta.

Nazarin halitta a dunƙule

Fanni na biyu ya ɗara na farko da taki ɗaya. Mu ɗauki kasuwar garinmu. Mutum na iya rubuta sunan kowane ɗan kasuwa da hajarsa, amma wannan jeri ba zai gaya masa dalilin da ya sa kwanon gero ya tashi ranar da farashin man fetur ya tashi ba. Sai ya san wa ke saye daga wa, wa ke ba wa bashi, wace mota ke kawo kaya daga ina. Haka jiki yake. Sanin sunayen ƙwayoyin gado 20,000 bai isa ba, sai an san yadda wannan ke tayar da wancan, wancan ke kwantar da na ukunsu. Masu nazarin halitta a dunƙule sukan zana wannan hulɗa da lissafi, su gina kwatancinta a kwamfuta, sa'an nan su tambaye ta: idan aka toshe wannan hanya da magani, me zai faru da sauran?

Fannin yana da tushe mai nisa. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka bayyana da lissafi yadda saƙo ke bi ta jijiya, a 1960 kuma Denis Noble ya gina kwatancin bugun zuciya a kwamfuta. A shekarar 2000 Leroy Hood da abokansa suka kafa cibiya ta musamman domin wannan ilimi a Amurka, kuma a 2012 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gina kwatancin rayuwar wata ƙaramar ƙwayar bakteriya ɗungurungum a cikin kwamfuta. Masu wannan ilimi sun fi samun shiga wajen binciken cututtuka irin su daji da ciwon suga, waɗanda ba harafi ɗaya ke kawo su ba, da kuma wajen ƙera magunguna.

Me ya haɗa mu da wannan ilimi?

Kada wani ya ɗauka muna ba da labarin ƙasashen Turawa ne. A watan Agusta na 2016, bayan Nijeriya ta shekara biyu ba a ga shan-inna na asali ba, sai cutar ta ɓulla a jihar Borno. Da aka karanta rubutun gadon ƙwayar cutar aka gwada shi da na baya, sai aka ga jikar wadda aka gani ce a Borno a 2011. Ma'ana, ta shekara biyar tana yawo a ɓoye a wuraren da rikici ya hana ma'aikatan rigakafi shiga. Wannan sani ya nuna inda za a karkata ƙarfi, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shan-inna na asali.

A 2018 zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ya yi ƙamari ƙwarai, har aka ji tsoron ko sabon nau'i ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. Karatun rubutun gadon ƙwayar ya nuna ba sabon nau'i ba ne, kuma yawancin waɗanda suka kamu daga ɓera suka ɗauka. Sai hankali ya koma kan tsabtar gida da rufe abinci. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma ita ce, tare da abokan aikinta na Legas, ta fitar da rubutun gadon ƙwayar korona na farko daga Afirka a farkon Maris na 2020. A Nuwamba na 2021 kuwa masana a Botswana da Afirka ta Kudu ne suka fara sanar da duniya ɓullar nau'in Omikuron.

Game da sikila, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da iri. Idan masu AS biyu suka yi aure, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, shi ya sa jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy da ke gyara rubutun gadon mai sikila, amma farashinsa ya haura dala miliyan 2. Ciwon namu ne, maganin na hannun wasu, kuma ba zai sauko inda talaka zai kai ba sai da hannun masu bincike da suka san zafin ciwon. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Akwai kuma wani giɓi da ya kamata mu sani. Mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya bambancin rubutun gado, amma a manyan binciken da aka yi a duniya don gano alaƙar gado da cututtuka, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. A 2020 wani bincike na shirin H3Africa ya karanta kundin mutane 426 daga ƙabilu 50, ciki har da Birom na jihar Filato, ya gano sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Idan mutane 426 suka ba da wannan, ina ga abin da ke jikin miliyoyin da ba a duba ba? Wannan giɓi aiki ne da ke jiran ma'aikata.

Hanyoyin aiki

Hanya ta farko ita ce koyarwa da bincike a jami'a. Mai digiri na uku kan fara da aikin bincike na kwantiragi, na shekara biyu ko uku, a ƙarƙashin wani babban malami, ya wallafa sakamakon bincikensa, sa'an nan ya nemi kujerar lacca ko ya kafa nasa rukunin. Jami'ar Covenant da ke Ota ta daɗe tana horar da ɗalibai a wannan fanni, kuma a can Segun Fatumo ya yi karatu kafin ya kai matsayin farfesa a Landan. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai cibiyar binciken cututtukan da aka yi sakaci da su, a Jami'ar Bayero ta Kano akwai cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, a Jami'ar Ghana akwai cibiyar WACCBIP, haka kuma akwai cibiyoyin bayo'infomatiks a Bamako da Kamfala da Cape Town.

Hanya ta biyu ita ce kiwon lafiyar jama'a. Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, tana da babban ɗakin gwaje-gwaje a Gaduwa, Abuja, akwai kuma Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya da ke Yaba. Hukumar daƙile cututtuka ta Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin karanta rubutun gadon ƙwayoyin cuta a Oktoba na 2020, aka raba injuna ga ƙasashe da dama. Sai dai injin ba ya fassara abin da ya karanta. Ana buƙatar wanda zai bi sawun annoba, ya gano ƙwayoyin tarin fuka da na zazzaɓin cizon sauro da suka daina jin magani.

Hanya ta uku ita ce noma da kiwo, kuma ita ta fi kusa da mu. An karanta kundin gadon dawa a 2009, na gero a 2017 a ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT mai tasha a Sadore kusa da Yamai, na wake kuma a 2019. Irin waken da aka karanta ma cibiyar IITA ce ta samar da shi, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, take kuma da tasha a Kano. A da, mai samar da iri sai ya shuka ya jira kaka kafin ya san wanne ke jure fari ko wuta-wuta. Yanzu ana tsinkar ɗan ganye daga tsiron da bai yi wata ba, a duba alamar juriya a rubutun gadonsa, a zaɓi nagari a bar sauran, shekaru su ragu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ta binciken kiwo ta Shika, da ta lafiyar dabbobi ta Vom, duk wurare ne da irin wannan gwaninta ke da amfani. Ɗan manomin da ya san bambancin gero da maiwa tun yana goye ya riga abokin karatunsa na birni da taki.

Hanya ta huɗu ita ce kamfanonin magunguna da na fasaha. Ƙera sabon magani kan ci fiye da shekara goma, don haka kamfanoni na biyan kuɗi mai kauri ga wanda zai tace musu dubban sinadarai a kwamfuta kafin a shiga ɗakin gwaji. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna tana iya hasashen siffar furotin daga rubutunsa, aikin da a da kan ci wa ɗalibi shekaru, har Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai ta 2024 tare da David Baker. A nan albashi ya fi na jami'a, amma yawancin guraben a ƙasashen waje suke.

Hanya ta biyar ita ce asibiti: tantance sakamakon gwajin gado na masu cutar daji da cututtukan gado, a rubuta wa likita bayanin da zai yi aiki da shi. Ta shida kuma ita ce fita daga fannin baki ɗaya da guzurin da aka samu a cikinsa. Wanda ya iya sarrafa bayanai miliyoyi ya fitar da ma'ana, banki da kamfanin sadarwa da ƙungiyoyin agaji duk suna nemansa. Saboda haka wannan karatu ba ƙofa ɗaya gare shi ba.

Guzurin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu huɗu ake buƙata. Na farko, tushe mai ƙarfi a ilimin halittu. Na biyu, lissafi, musamman ilimin ƙididdiga, domin wanda bai san shi ba zai ga alaƙa inda babu. Na uku, iya rubuta manhaja da harsunan kwamfuta biyu, Python da R, da iya aiki da tsarin Linux. Na huɗu, rubutaccen Ingilishi mai tsabta, domin da shi ake neman tallafi da wallafa bincike. Wanda ya fito daga ɓangaren halittu sai ya nemi lissafi da kwamfuta, wanda ya fito daga kwamfuta ko lissafi sai ya nemi ilimin halittu. Ta kowace ƙofa ana shiga.

Abin farin ciki shi ne kayan aikin kyauta ne. Rumbun GenBank na Amurka, wanda aka kafa a 1982, da rumbunan cibiyar EBI ta Ingila, a buɗe suke ga duk mai intanet, haka manhajar BLAST da ake gwada rubutun gado da ita tun 1990. Ɗalibi na iya zama a ɗakin mahaifiyarsa ya sauko da kundin gadon ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wanda aka karanta a 2002, ya yi nazari a kansa. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni sun fi duba abin da hannun mutum ya yi a kan takardar shaidarsa. Don haka muna shawartar kowane ɗalibi ya kammala ƙananan ayyuka biyu ko uku, ya ajiye su a shafin GitHub inda kowa zai gani. Digiri na biyu ya isa a sami aikin manazarci, amma jagorancin bincike sai da digiri na uku. Ga masu neman ƙaro karatu, akwai tallafin Commonwealth na Ingila, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, kuma asusun TETFund na tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati.

Ƙayoyin da ke kan hanya

Amanar dattijo ce ya faɗi ɗaci tare da zaƙi. Guraben aiki na dindindin a cikin gida kaɗan ne, kuma yawancin binciken da kuɗin baƙi ake yin sa. Shirin H3Africa, wanda Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka ɗauki nauyinsa daga 2012, ya horar da ɗimbin matasa, amma wa'adinsa na kimanin shekara goma ya cika. A 2025 gwamnatin Amurka ta zaftare tallafi mai yawa da take bai wa ayyukan lafiya da bincike a ƙasashen waje. Kamfanin 54gene, wanda aka kafa a 2019 don nazarin gadon 'yan Afirka, ya tara miliyoyin daloli amma ya durƙushe a 2023. Ga matsalar wuta da tsadar intanet. Ga kuma sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ke yin ƙananan ayyukan da a da ake bai wa sabon shiga, ta yadda wanda ya tsaya a kan ɗan abin da ya haddace zai ga an wuce shi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda zai tsira shi ne mai zurfin fahimta, wanda zai iya gane lokacin da na'ura ta yi kuskure.

Sai batun amana. Jama'armu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma zargin da ya biyo baya na cikin abin da ya jawo dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, yara da yawa suka gurgunce a sanadiyyar haka. Jinin mutum da rubutun gadonsa sirrinsa ne da na zuriyarsa. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta isa ba sai da mutanen kirki. Ɗanmu da zai zauna gaban liman da mai unguwa ya yi musu bayani da Hausa, ya kuma tsaya a teburin bincike ya ce wannan bai halatta ba, shi ne katangar da muke buƙata.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Muna gabatar wa wannan taro shawarwari shida, muna roƙon kwamitin zartarwa ya duba su kafin taron baɗi.

Na ɗaya, kowane reshe ya tattara sunayen 'ya'yanmu masu digiri a fannonin kimiyya, da abin da suka karanta da inda suke, domin ba a taimakon wanda ba a san da shi ba.

Na biyu, a ware wani kaso na asusun ilimi don sayen kwamfuta mai ƙarfi, da ɗan abin wutar sola, da kuɗin intanet na shekara ɗaya, ga ɗalibai biyu ko uku kowace shekara. A zaɓe su ta hanyar jarrabawa, ba don ɗan wane ne ba.

Na uku, a buɗe rance marar ruwa don biyan kuɗin fasfo da jarrabawar Ingilishi da takardun neman gurbi, domin sau da yawa waɗannan ƙananan kuɗi ke raba yaro mai hazaƙa da tallafin miliyoyi.

Na huɗu, 'yan'uwanmu da ke jami'o'i da asibitoci da ƙasashen waje, kowa ya riƙi ɗalibi ɗaya, ya duba masa takardu, ya gabatar da shi ga waɗanda ya sani. Wannan ba ya cin kobo, sai lokaci da zuciya.

Na biyar, a sa 'ya'yanmu mata a sahun gaba. Babban ɓangare na wannan aiki a gaban kwamfuta ake yin sa, don haka matar aure na iya ci gaba da shi tana ɗakinta. Muna roƙon iyaye da mazaje su ba da goyon baya.

Na shida, kuma shi ne gindin duka, mu koma makarantun firamare da sakandare na garinmu. Abin da shekarun aji suka koya mana shi ne yaron da bai riƙe jadawalin sau ba a aji huɗu, da wuya ya ƙaunaci lissafi har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiya ta ɗauki nauyin ƙarin alawus ga malaman lissafi da kimiyya, kuma a gindaya wa duk wanda ya ci gajiyar asusunmu sharaɗin dawowa gida ya koyar da ƙannensa a lokacin dogon hutu.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, iyayenmu sun gina makarantar farko ta garin nan da aikin gayya, wannan ya kawo azara, wancan ya kwaɓa ƙasa, kuma daga cikinta da yawanmu muka fito. Gayyar zamaninmu ita ce wadda muka zayyana a sama, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga 'ya'yanmu masu digiri kuwa, muna cewa kada ku zauna jiran takardar ɗaukar aiki. Ku fara koyon Python a wannan mako, ku nemi abokin karatu, ku ba abin watanni shida na haƙuri, sa'an nan ku zo wa kwamitin ilimi da abin da hannunku ya yi.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, Ya ƙara wa Mai girma Hakimi lafiya da nisan kwana, Ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.